Shin duk waƙar da ba ta hau karin Larabci ba karyayya ce?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Jiya wani ya ce mini duk rubutacciyar waƙar Hausa da ba ta hau ɗaya daga karuruwa 16 na aruli (ilimin auna waƙar Larabci) ba, karyayya ce. Ni kam na yarda da shi.

Malamin adabi: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi saurin yarda. Halilu bin Ahmad ya fitar da karuruwa 15, Ahfash ya ƙara Mutadarak, kuma daga waƙoƙin Larabawa suka tsamo su. Ma'auni ne da aka yi wa wani harshe.

Ɗalibi: Amma Malam, ai yana hawa Hausa daram. "Gaskiyar nan": gaɓa mai nauyi, marar nauyi, sai masu nauyi biyu. Faa'ilaatun ke nan, ƙafar (wato rukunin gaɓoɓin) karin Ramal. "Kanawa" kuma fa'uulun ce ta Mutaƙarab. Malaman jihadi irin su Nana Asma'u ai sun san aruli suka yi waƙa.

Marubuciya: Ƙanena, ba wanda ya musa wannan. Hausa da Larabci duk suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa auren ya yiwu. Kalmar "duk" ce ke damuna. Ka ɗauki Infiraji ta Aliyu Namangi. Masu aruli suna cewa Ramal ce, amma manazarta sun nuna muryarta ta kiɗan caji ce. Namangi makaho ne, da kunne ya saƙa ta. Idan ka yanka ta ƙafa-ƙafa a takarda, ka yi ta rubuta zihafi da illa (sauye-sauyen da aruli ya yarda a yi wa ƙafa) a ɗango bayan ɗango, to wa ke da laifi, waƙar ko ma'aunin?

Wani ɗan'uwa: Yaya, a nan na rabu da ke kaɗan. In aka buɗe wannan ƙofa, kowa zai jera amsa-amon "ba" a ƙarshen baiti ya ce ya yi waƙa. Na sha ganin ƙwar biyar (waƙa mai ɗango biyar a kowane baiti) da ɗango na uku ya fi sauran tsawo da gaɓa huɗu, mai ita yana cewa salo ne.

Marubuciya: Wannan karyayya ce, ko a caji ko a Ramal, don mai rerawa zai yi tuntuɓe a wurin. Ban ce babu kari ba. Cewa na yi ba Larabci kaɗai ke ba da shi ba.

Malamin adabi: Kuma ku tuna boko ba ya nuna tsawon wasali. Ɗana, turo mana wani baitin da aka ce maka karyayye ne da muryarka, mu ji shi kafin mu yanka.

Ɗalibi: To Malam, zan rera in turo bayan Isha'i.