Morfin ga jinjiri: magani ne ko koya masa maye?

Kawun jariri, Agege: Jama'a a ba ni shawara. Ɗan ƙanwata kwanansa huɗu a duniya, an yi masa tiyatar hanji, yanzu wai morfin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ake ɗura masa ta jijiya. Ba ɗan'uwan kodin ba ne, wanda gwamnati ta haramta maganin tarinsa a 2018 don ya cinye mana matasa? Tun yana tsumma za a koya masa ƙwaya?

Hajiya Babba: Ka faɗi gaskiya. Jinjiri ina ya san ciwo? Namu wanzami ya cire musu beli, suka ɗan tsala kuka, aka sa musu nono suka yi barci.

Anti Nas: Hajiya, a yi haƙuri, yana ji sarai. Likitocin Turai ma sun daɗe da wannan zaton, har ana yanka jarirai ba isasshen maganin zafi. A 1987 binciken Dakta Anand ya nuna bakwainin da aka ba fentanil, maganin zafi dangin morfin, lokacin tiyata sun fi tsallake matsala bayanta. Kullum ina ganinsu a kwalba, goshi a tamke, hannu a dunƙule, bugun zuciya na hawa a na'ura. Wani ko ƙarfin kukan ba shi da shi.

Kawun jariri: To mayen fa, Anti?

Anti Nas: Ba zai tashi ɗan ƙwaya ba. In an kwana biyu ana ba shi, jiki kan saba, sai a janye kaɗan-kaɗan. Abin tsoron numfashi ne, morfin na rage shi, ga hantar jinjiri ba ta yi ƙwari ba. Shi ya sa ake awo da nauyinsa, maganin nalokson kuma na kusa don karya ƙarfin morfin ɗin.

Ɗalibin likita, Idi-Araba: Anti, a ƙarasa zancen. Binciken NEOPAIN na 2004, kan bakwaini 898 da ke injin numfashi, ya nuna ɗura musu morfin haka kawai bai rage mutuwa ba, yana ma sauke jini. In zafin ɗibar jini a diddige ne, nono ko ɗigon ruwan sukari ya wadatar.

Anti Nas: Ɗana, diddige daban, tsaga ciki daban.

Hajiya Babba: Ni dai hankalina bai kwanta ba. Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Kawun jariri: Amin, Hajiya. Zan tambaye su yaushe za su fara janyewa. Gosulo ya riƙe ni a Oshodi.