Me ya sa aka toshe tagogin wasu tsofaffin gidaje a Ingila?

Hadiza: Assalamu alaikum. A tsofaffin unguwannin garuruwan Ingila irin su Bath da York, ana yawan ganin gida mai hawa uku da tagogi a jere, amma an cike gurbin ɗaya ko biyu da jan bulo ko dutse, alhali siffar tagar tana nan ba a shafe ta ba. An ce mini haraji ne ya jawo haka. Shin gaskiya ne, ko labari ne kawai da ake ba masu yawon buɗe ido?

Sani: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Harajin taga gaskiya ne, kuma an kafa shi a 1696, zamanin Sarki William na Uku. Kafin nan akwai harajin murhu, wanda aka soke a 1689 saboda jama'a sun tsani yadda masu karɓarsa ke kutsawa cikin gidaje suna ƙirge, ita kuwa taga daga bakin titi ma ana iya ƙirga ta. Da farko kowane gida sule 2 yake biya, mai taga 10 zuwa 20 ya ƙara sule 4, wanda ya haura 20 kuma ya ƙara sule 8. A 1747 aka sauya tsarin, ya zama da zarar tagogin gida sun kai 10 sai an biya wa kowace ɗaya kuɗi, don haka mai taga goma ya ga gara ya kira magini ya toshe guda ya huta. Sai a 1851 aka soke shi.

Aminu: Malam Sani ya yi bayani, amma ina ganin ana ɗora wa harajin nan laifin da ba duka ne nasa ba. Maginan ƙarni na 18 sun damu ƙwarai da daidaiton fuskar gida, ta yadda in akwai taga a dama dole a ga 'yar'uwarta a hagu, ko da abin da ke bayan bangon bututun hayaƙi ne ko matakalar bene. Irin wannan tun ran gini a toshe take, wani lokaci har a zana mata firam da fenti don ta yaudari ido. Ki duba bulon da kyau, Malama. In launinsa da girmansa sun yi daidai da na sauran bangon, ga alama haka aka gina ta. In kuwa ya bambanta, to daga baya aka cike.

Bilkisu: Abin da ya fi sosa mini rai shi ne halin da talakawan birni suka shiga. Babban gidan haya da iyalai da yawa ke cunkushe a ciki gida ɗaya ake lissafa shi, kuma mai gidan ne ke biya, sai ya toshe tagogi ya bar 'yan haya cikin duhu da rashin iska. Likitoci sun daɗe suna kukan cewa hakan na taimaka wa yaɗuwar cututtuka, kuma kukan nasu na cikin abin da ya sa aka soke harajin. Yau kuwa da yawa daga cikin gidajen suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, saboda haka mai gida ba shi da ikon fasa bangon ya buɗe tagar sai ƙaramar hukumar yankin ta ba shi izini.