Dariyar wa ake yi a fina-finan barkwancin Faransa?

Rabi'atu: Jiya na sake kallon La Cage aux Folles na 1978, kuma ina nan kan bakana. Masu barkwancin Faransa kayan dariya suka ɗauki ɗan luwaɗi. Siririyar murya, karairaya, ihu kan abin da bai kai ya kawo ba. Da rangwaɗar Albin, ɗan luwaɗin da ke cikin fim ɗin, aka ci kasuwa, har Michel Serrault da ya fito a matsayinsa ya samu César, babbar kyautar fina-finan Faransa.

Malam Isuhu: Ƙanwata, duba ƙarshen fim ɗin mana. Wa ya ji kunya? Surukin nan, uban yarinyar da ɗan gidan su Albin zai aura, ɗan siyasa mai da'awar tsare tarbiyya, wanda sai da aka sa masa kayan mata ya sulale don gudun 'yan jarida. Albin kuwa shekara 20 yana tare da masoyinsa Renato, shi ya raini ɗan Renato.

Rabi'atu: Haka ne, Malam. Amma a ina 'yan kallo suka fi darawa? Inda Renato ke koya masa shafa bota a gasasshen burodi irin na maza, yana ta karyewa a hannunsa. Wurin nan kowa yake tunawa, ba renon yaron ba.

Sani: Anti Rabi, to Le Placard na 2001 fa? Daniel Auteuil ya fito a matsayin akanta a kamfanin kwaroron roba, za a sallame shi, sai ya baza jita-jitar cewa shi ɗan luwaɗi ne don kamfanin ya ji tsoron korarsa. Bai canza tafiya ba, bai canza murya ba. Abokan aikinsa ne suka fara ganin abin da babu. Su ake yi wa dariya.

Hadiza: Ni dai Albin yana tuna min yadda ake fito da ɗan daudu a barkwancinmu. Ya tafa hannu, ya yi habaici, ya wuce.

Rabi'atu: Sani, fim ɗin da ka kawo ya fi damuna. Jarumin aron rigar ya yi, aikinsa ya tsira, a ƙarshe har ya samu mace. Maƙwabcinsa dattijo, wanda shi ne na gaske, wanda aka taɓa kora daga aiki saboda haka, me aka ba shi? Shawara kawai yake bayarwa daga gefe.

Malam Isuhu: Wannan kam kin kama ni. Amma batun Albin ban sauka ba, sai mun kalle shi tare.