Tsohuwar saniyata: barbara ko kasuwar Kara?

Baban Nana, Wamakko: Salamu alaikum. Ina da saniya irin Bokolo wadda na gada wurin mahaifina, shekararta 13, haihuwarta takwas. Da ana tatsar lita huɗu a rana, yanzu da ƙyar biyu. Haƙoranta sun cinye, harawa ma gagarar ta take. Akwai ɗiyarta karsana, amma sai baɗi za ta isa barbara. In sake kai uwar ga bijimi, ko in rabu da ita?

Ɗan Bodinga: Ka cika mata harawa da kanwa, za ka sha mamaki.

Baban Nana: Malam, na ce ba ta iya taunawa.

Alhajin Kware: Ɗana, saurara. Irin tausayin ga ni ma na yi. Tawa ta girmi taka da shekara guda, na ce bari ta bar mini gado. Wata tara ina ciyar da ita, kuma cikin ya faɗo a rani, dusa da kulin auduga duk saye. Ta haihu da tsakad dare, mabiyiya ta maƙale, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Mutum huɗu munka ɗaga ta da igiya, tana sulalewa. Kwana na uku na sa anka yanka. Mahauci ya ga ba ni da zaɓi, abin da ya ba ni ko kuɗin dusar bai kai ba. Maraƙin munka riƙa ba madarar gari a kwalba, sati biyu zawo ya kashe shi. Uwargida har yau ba ta bar yi mini gori ba.

Inna Mai Kindirmo: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ajali ne. Rahajin maƙwabcinmu ta fi haka tsufa, ta haihu lafiya lau.

Ɗan Achida: Ka jiƙa mata dusa wata biyu ta yi jiki. Kamarta na sayar 750,000.

Ɗan Bodinga: A wace duniya? Guzuma a Illela ranar Lahadi 400,000 aka taya wa yayana.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Kafin komai a duba bakinta da hantsarta. Ciki da shayarwa suna zuƙe jiki, saniyar da ba ta cin abinci, ba za ta iya ɗauka ba.

Jauro: Yaro, shanu nawa ka taɓa tatsa? Mu a ruga tafiyarta kawai muke kallo.

Ɗalibi: Baffa, ban raina ku ba, amma ta Alhaji ma ai tafiya take yi har ranar.

Sarkin Zolaya: A haɗa kuɗi a sa mata haƙoran roba mana. In kuwa yankawa za a yi, a tanadi gawayi buhu guda, naman nan sai ya kwana a wuta.

Alhajin Kware: Bambancin farashin ga duk aikin dillalai ne. Su karɓi la'ada wurin mai saye, su dawo su gutsure naka, suna rantsuwa kasuwa ta faɗi.

Ɗan Achida: Alhaji a yi mana adalci, ni dillali ne. In saniyar sata ce wa ake kamawa?

Baban Nana: Jama'a, to saniyata fa?

Inna Mai Kindirmo: Ni dai dillalin da ya cinye mini kuɗin tunkiya bara, ban yafe ba.