Kalmar draft a fantasin hokin ƙanƙara: ni dai na tsaya a kan zaɓi-in-zaɓa

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina so mu kashe maganar kalmar draft ɗin nan kafin kakar NHL, wato babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ta fara, saboda a 'yar gasarmu ta fantasin hokin ƙanƙara har yau kowa da sunan da yake kiranta, wani yace diraf, wani daftari, wani zaɓe, wani ma ƙuri'a, kuma in aka zo auna wa ya iya ɗaukar 'yan wasa wa ya tafka asara sai musu ya kaure tun a kan sunan abin ba a ma kai ga 'yan wasan ba.

Bari in fara da waɗanda FPL, wato fantasin gasar Firimiya ta Ingila, kawai suka sani, don su ne suka fi yawa a cikinmu. A FPL ɗin da aka saba ana baka fam miliyan 100 ka sayi mutum 15, kuma Haaland ɗin da ka saya ni ma zan iya sayensa, mutum dubu nawa ma duk suna da shi lokaci ɗaya. To a fantasin hoki irin na Yahoo ko ESPN ko Fantrax abin da aka fi yi daban ne. Mutum goma ko goma sha biyu za su haɗu rana ɗaya, a jera sunayen 'yan wasan NHL gaba ɗaya, kowa ya jira layinsa ya ɗauki mutum ɗaya, kuma wanda aka ɗauka ya tafi kenan, babu mai sake samunsa sai dai ta musaya. In na ɗauki Connor McDavid, tauraron ƙungiyar Edmonton, to kai ka haƙura. Duk kalmar da za mu tsayar dole ta nuna ana bin layi ne, sannan ta nuna abin da na ɗauka ya fita daga hannunka, in ta rasa ɗaya daga ciki to bata yi ba.

Daftari dai mu ajiye ta tun yanzu. Kalma ce mai kyau a wurinta, daftarin kasafin kuɗi, daftarin tsarin mulki, wato rubutun farko da ba a gama gyara shi ba, kuma na san daga ina ta shigo mana, manhajar fassara ce take bada ita saboda a Turanci kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'anonin biyu. Amma ka cewa Bahaushe "an yi daftarin Connor Bedard a 2023" ka ga yadda zai kalle ka, sai ya zaci wata takarda aka rubuta a kansa. Diraf kuma wallahi ba ƙin aro nake ba, muna cewa gola muna cewa fenariti muna cewa kofi babu wanda ya damu, matsalar ita ce a Najeriya in kace diraf abin da ke zuwa ran mutane shine wasan nan na allo mai gida-gida da ake bugawa a bakin titi, wasu kuma takardar banki za su tuna. Kalmar ta riga ta kama wasu gidajen kafin mu zo.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi yace a bar shi a zaɓe kawai, gajere ne kowa ya san shi. Gaskiya ne malam, sai dai zaɓe a kunnenmu mutane da yawa ne ke taruwa su fitar da mutum ɗaya, ni da kai za mu iya zaɓen ɗan takara ɗaya kuma babu wanda ya hana wani. Anan kuwa zaɓina shi ke hana ka. Ƙuri'a kuma tana da aikinta a cikin abin amma ƙarami ne, da ita ake fitar da wa zai fara wa zai biyo baya, daga nan aikinta ya ƙare sai ilimi da lissafi. Ko a NHL ɗin gaske haka ne, akwai ƙuri'ar da ake yi tsakanin ƙungiyoyin da basu kai wasannin neman kofi ba don a san mai ɗaukar farko, ita ce ta ba Edmonton McDavid a 2015, ta ba Chicago Bedard a 2023, sannan akwai ranar ɗaukar kanta wadda ake yi duk shekara tun 1963, yanzu zagaye 7 ne ƙungiyoyi 32. In muka kira su duka ƙuri'a mun cakuɗa abu biyu. Af, kuma ga wanda bai sani ba, ta wannan hanyar Buffalo Sabres suka ɗauki Rumun Ndur a zagaye na uku a 1994, haifaffen Zariya ne a 1975, a Kanada ya girma, kuma shine haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL. Ina son in iya ba da labarin nan da Hausa tsantsa ba tare da na tsaya ina kame-kame a kan kalma ba, dalilin da ya sa na matsa kenan.

An kawo watanda, na ji daɗinta sosai don akwai haɗuwa da rabo a ciki, amma a watanda ana ƙoƙari ne kashin kowa ya zo daidai da na ɗan'uwansa, mu kuwa kowa so yake nasa ya fi. Karɓa-karɓa ta kama layin ta bar zaɓin, kuma siyasa ta riga ta cinye ta.

Abin da nake kawowa shine zaɓi-in-zaɓa. Duk wanda ya buga ƙwallo a fegin unguwa ya san abin, manya biyu su tsaya sauran yara su jeru, wannan ya nuna ɗaya wancan ya nuna ɗaya har a ƙare, wanda aka riga ka shikenan ya zama abokin hamayya, kuma kana nuna wani idonka na kan wanda kake fata zai kai zagaye na gaba ba a ɗauke shi ba. Shi ɗin ne dai sak, mutanen ne kawai suka ƙaru zuwa goma sha biyu aka koma kan waya. Ginin kalmar ma namu ne, irin su ba-ni-in-ba-ka da ka-ce-na-ce, Hausa bata jin nauyin mayar da jimla guda suna. Na yi ta juya ɗauki-in-ɗauka ma, don ita ta fi nuna cewa abu ya bar wurin, amma sai naga gara a raba musu aiki, taron gaba ɗaya zaɓi-in-zaɓa, kowane mutum ɗaya da aka cire kuma ɗauka. Ɗaukar farko, ɗauka ta 24, ɗaukar zagaye na tara. Ya zauna a baki.

Tsarin da Turawa ke kira da sunan maciji kuma, wanda layi ke tafiya ya juyo, ni je-ka-ka-dawo nake ce masa. In ku 12 ne, mai lamba ɗaya zai yi ɗaukar farko sannan ya zauna yana kallo mutum 22 su wuce kafin ya sake samun dama a ta 24 da ta 25, shi kuma na ƙarshe a layi ya samu ta 12 da ta 13 a jere. A NHL ɗin gaske layi baya juyowa, waɗanda suka fi shan kashi ke gaba a kowane zagaye, kuma zaɓi-in-zaɓa ta ɗauki duka biyun. Wanda ake ba kowa kuɗin wasa a yi ta tayi kuwa sunansa na nan tuntuni, gwanjo.

Yanzu ga inda kalmar ke da amfani na gaske, wato awo, don ni awon zaɓi nake kiran abin da muke yi washegari in kowa ya turo jerinsa. Mutane suna buɗe jeri su ga manyan sunaye sai su ce wane ya kwashe, alhali tambayar da ya kamata a yi ita ce a wace ɗauka ya same shi kuma wa ya bari a ƙasa lokacin. Wanda ya samu lamba ɗaya a 2022 ya ɗauki McDavid ya samu maki 153 a kakar, wato cin ƙwallo da taimakawa a ci in an haɗa, na biye da shi Draisaitl 128, amma ni bazan yaba masa ba don ƙuri'a ce ta bashi, kowa a kujerar abin da zai yi kenan. Inda zan duba shi shine ta 24 da ta 25 da abin da ya biyo baya.

Ku ɗauki Erik Karlsson. Kakar 2021-22 maki 35 ya yi a San Jose, rauni ya dame shi, don haka da aka zo zaɓi-in-zaɓa na gaba babu mai rububinsa, sai gashi ya yi maki 101 a 2022-23 yana ɗan baya, abin da rabon da ɗan baya ya yi tun Brian Leetch a 1992, ya kuma ɗauki kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya. Wanda ya same shi can ƙasa ya tsinci dami a kala, kuma bana jin muna buƙatar ƙirƙiro wata kalma ga irin wannan ɗaukar tunda Hausa ta gama faɗa. To sai shekara ta zagayo aka mayar da shi Pittsburgh, waɗanda suka bi lissafin bara suka ɗauke shi da wuri, ya ƙare da maki 56. Mutum ɗaya ne, ƙwarewarsa bata gudu ba, amma a shekarar farko garaɓasa ne a ta biyu kuma tsada, bambancin kawai lambar ɗaukar da kuma wanda ka bari ya wuce saboda shi.

Sai zaɓen tumun dare, wannan ma tamu ce tun kaka da kakanni, amma dan Allah mu yi adalci wajen liƙa ta. Kucherov bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2020-21 ta yau da kullum saboda tiyatar ƙugu, sai a wasannin kofi ya dawo Tampa Bay suka ɗauki kofin Stanley, lokacin kuwa gasar fantasi ta riga ta rufe. Tun Disamba 2020 aka sanar, kakar kuma a Janairu 2021 ta fara, to wanda ya ɗauke shi da wuri bayan sanarwar don bai duba labari ba shine ya yi zaɓen tumun dare. Amma wanda ɗan wasansa lafiya lau ranar ɗauka, bayan sati uku ya karye, wannan ƙaddara ce, jaje ya kamata a yi masa, kuma bai dace mai awo ya rage masa maki a kai ba. Da abin da aka sani ranar ake auna mutum.

Kuma kafin ka auna jerin wani ka tambayi dokar gasarsu. In maki kawai ake ƙirgawa, wato cin ƙwallo da taimakawa a ci, lissafi ɗaya ne. In kuma gasar rukuni-rukuni ce da ake ƙirga harbi a raga da bangaza da tare harbi da jiki, to Brady Tkachuk wanda ya yi maki 74 a Ottawa a 2023-24 zai iya fin wani mai maki 90 amfani, domin harbinsa ya haura 300 ga bangaza kamar ba gobe, rukuni biyu yake ciyo maka shi kaɗai. Na sha ganin an yi wa mutum dariya don ya ɗauke shi a zagaye na biyu, masu dariyar basu ma karanta dokar ba, abin yana min ciwo wallahi. Haka wuri ma, 'yan tsakiya masu maki sun yi yawa, 'yan baya irin Cale Makar da ya ci 30 ya yi maki 92 a 2024-25 kuwa a yatsu ake ƙirga su, shi ya sa ɗaukarsa a zagayen farko ba ganganci bane. Gola dai ni ina tsoron ɗaukarsa da wuri don daga shekara zuwa shekara suna hawa suna sauka, duk da wanda ya riƙe Hellebuyck a 2024-25 da nasara 47 zai ce min ban san komai ba, kuma a wannan kakar kam da gaskiyarsa.

Wata 'yar'uwa tace kalmar tayi tsawo, babu mai rubuta zaɓi-in-zaɓa sau goma a hira. Hajiya na yarda tsawon na nan, amma sau ɗaya a shekara ake taron, abin da za a yi ta maimaitawa kullum ɗauka ne da zagaye da awo, duk gajeru. Gwada ki ji: ranar Asabar muke zaɓi-in-zaɓa, je-ka-ka-dawo ne, ni ce ta bakwai a layi, ɗaukata ta biyu ita ce ta 18. Duk Bahaushen da bai taɓa ganin ƙanƙara ba zai gane me ake ciki. Don haka ni daga yau da ita zan riƙa rubutu.

Saura guda ɗaya da ban gamsu ba, sunan wanda ya ɗauki ɗan wasa mai kyau amma tun lokacinsa bai yi ba, misali ya kashe ɗaukar zagaye na uku a kan wanda tabbas zai same shi a na shida. Ba tumun dare bane tunda yaron zai yi masa aiki, asarar tana cikin waɗanda ya bari ne. Azarɓaɓi nake cewa a yanzu, wani yace riga malam masallaci, amma wannan ta fi kama da shisshigi. Mutanen Damagaram da Sakkwato da Katsina ku taimaka, in akwai yadda kuke kiran wanda ya biya da tsada don tsoron kar a riga shi, ku kawo mu gwada ta a jimla.