Ƙofar lambun unguwarmu ba ta karɓar kekena, ta ina zan fara?

Baduku Ɗan Adar

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema, ba sadaka ba, don na san da gurgu ya buɗe baki sai mutane su fara laluben aljihu.

Ni baduku ne, ina zaune Bukoki nan Yamai, shekara 19 ke nan da barowata Tawa. Cutar shan inna ta kama ni tun ina ɗan shekara huɗu. Keke mai ƙafa uku nike tuƙawa da hannu, irin wanda masu walda ke ƙerawa, kuma da shi nike kai kayana kasuwar Wadata in komo, rana ko ƙura, ba mai tura ni.

Ranar yawon sallar da ta wuce na cika ma ɗiyata alkawari, na kai ta wani lambun shaƙatawa da ke nan kusa da mu, mai lilo da ƴan itatuwan dogon yaro. Ba zan faɗi sunanshi ba, ba ƙara na kawo ba. Da munka isa, abu uku na tarar. Lambatu buɗe tsakanin hanya da ƙofa, an gitta katako guda. Bayanshi matakala biyu. Bayan matakalan kuma bututun ƙarfe da anka kafa a karkace, yadda mutum sai ya yi gefe-gefe kafin ya wuce. Wasu samari, Allah ya saka masu, sunka ce su ɗauke ni su shigar, a bar keken waje. Na ce a'a. Ni ba buhun hatsi ba ne, kuma in an aje ni ciki, da mi zan zagaya? In ja ƙasa da sabuwar shadda gaban ɗiyata? Sai na haɗa ta da yaron maƙwabcina sunka shiga, ni na tsaya wajen masu saida zoɓo da ƙanƙara har magariba.

Da ta fito ba ta yi zancen lilon ba. Cewa ta yi, “Baba, kuɗinka ne ba su kai ba?”

To ga tambayata. Wa ake gani kan irin wanga abu? Kuma masu gini su gaya mini gaskiya, aikin babba ne ko ƙarami, don kar in je gaban manya ina magana a duhu.

Maso Mai Ƙorama

Wa alaikumus salam Malam. Aikin ba babba ba ne, lalata shi ne ke da sauƙi. Na sha ganin gangarar da aka zuba a ƙofar ma'aikatu wadda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau. Mai ginin yana son a ce ya yi, sai ya ɗora siminti kan matakala yadda take, ya tafi.

Ka fara da awo. Matakala biyu, mu ce tsayinsu santimita 40. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo, kenan gangararka mita 4 da santimita 80. Wannan shi ne iyakar tsanani. In akwai fili, a bi kashi 5 cikin 100 da littattafan Faransa ke koyarwa, ta kai mita 8, sai dattijo ma ya hau ba haki. Faɗi kar ya gaza mita 1 da 20. A sama, gaban ƙofa, a bar shimfiɗaɗɗen wuri kamar mita ɗaya da rabi, don ba ka iya riƙe birki da hannu ɗaya kana tura ƙyaure da ɗayan. Gefe da gefe a ɗan ɗaga baki don kar taya ta zame.

Kar ka yarda a sa karo, wato tayil. Yana da kyan gani, amma ruwan Agusta na taɓa shi ya zama sabulu. A zuba kankare, kafin ya bushe a bi shi da tsintsiya a gicciye, shi ke nan ya samu kaushi. Lambatun kuma a rufe shi da dal na kankare. In ka sa ragar ƙarfe, ko dai ta kama sandar mai dogarawa, ko wata safiya ka iske ta yi ƙafa ta tafi wajen masu sayen ƙarfe. Abin dafawa da hannu, bututu daga kasuwar Katako ya isa, a shafa masa farin fenti, don ƙarfe baƙi a ranar Afrilu ba mai iya kama shi.

Lissafin siminti: in an cike ƙasa da jar ƙasa an daddaɓe, aka zuba santimita 10 a kan gangara mai mita 4.80, buhu 4 na kilo 50 sun yi. Da bangon gefe da dal da wurin tsayawa, ka sa buhu 10 a ranka. Farashi ban faɗa ba, kasuwa ba ta kwana wuri ɗaya.

Maman Biyu

Malam Baduku, maganar ɗiyarka ta sosa mini rai. Amma bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren, don a lambun da ke unguwarmu mu mata ne muka yi ta kai kuka har aka kafa irin waɗannan ƙarafan. Kafin nan samari da moto suke shiga har gindin lilo, ga tumaki da awaki sun cinye duk dashen da aka yi. Yanzu in aka cire, ba mun koma gidan jiya ba? Ramin da zai karɓi kekenka ai zai karɓi moto.

Sai dai kuma, in faɗi gaskiya, surukata da ta samu shanyewar ɓarin jiki ba ta taɓa shiga ba, kuma ban taɓa haɗa abin da ƙarafan nan ba sai yau.

Maso Mai Ƙorama

Hajiya, gaskiyarki, babu awon da zai shigar da keken guragu ya hana moto. Kujerar turawa ma faɗinta kusan santimita 70 ne, shi ya sa ake cewa ƙofa ta kai 90. Ku bar ƙarafanku inda suke. A buɗe ƙaramar ƙofa a gefe, mai ƙyaure da ke komawa da kansa, wannan ya gama da awaki. Moto kuwa aikin mai gadi ne, ai a zaune yake yana yankan tikiti.

Ƴar Ƙungiya

Yaya Baduku, kar ka je a matsayin mai roƙo, akwai doka a bayanka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Sashe na 9 ya yi maganar shiga gine-gine da hanyoyi da wuraren jama'a, na 30 kuma ya ambaci wasanni da shaƙatawa, saboda haka ba wanda zai ce maka lilo ba larura ba ne. A gida ma akwai doka mai lamba 2019-62 ta watan Disambar 2019 kan shigar da naƙasassu cikin al'amuran jama'a. Ka sa lambobin nan a takardarka.

Ka fara gano mai wurin. In na gari ne, takarda za ta je meri, wato ofishin magajin gari na gundumarku, cikin gundumomi biyar na Yamai. In an ba ɗan kasuwa haya ne, shi za a fara gani, kuma da harshen ciniki: gurgu ba ya zuwa shi kaɗai, da iyali yake zuwa, tikiti huɗu ko biyar ke juyawa daga bakin ƙofa. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Ka tafi da mai unguwa da sarkin guragu, ka kuma leƙa tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, sun saba da irin wannan zirga-zirga. Ranar 3 ga Disamba ce ranar naƙasassu ta duniya, lokacin hukumomi ke neman abin da za su ƙaddamar. Takardarka ta riga ranar isa da wata biyu.

Kuma don Allah kar a tsaya a ƙofa. In ciki rairayi ne, ka shiga ne ka maƙale.

Baduku Ɗan Adar

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan la'asar na koma da tef ɗin awo na wani tela. Matakalan santimita 36 ne. Tsakanin ƙarafan 52. Kekena kuwa faɗinshi 78, tsawonshi kusan mita 2, don haka Maso, wurin juyawan nan na mita ɗaya da rabi na masu kujerar asibiti ne, nawa sai an ƙara. Wanga shi ne abin da nike gudu, a gina ma gurgu hanya ba a auna keken gurgun ba.

Hajiya Maman Biyu, ban ji haushi ba ko kaɗan. Ni ma ɗiyata ke kan lilon, ba ni son moto kusa da ita. Ki kawo surukarki ranar da za mu je wajen mai unguwa, tsohuwa guda ta fi takarda goma.

Ga abin dariya kuma. Ina cikin awo mai gadi ya matso, dattijo ne Bazabarme mai jin Hausa, munka gaisa, ya ce mi nike nema. Da na gaya mashi sai ya zagaya da ni baya. Ashe akwai babbar ƙofa can, daidai da ƙasa, ba lambatu ba matakala, ta inda motar ruwa ke shiga ban ruwan itatuwa. Kwaɗo ke gare ta, makullin na hannun mai kula da wurin, shi kuma sai safiya yake leƙowa. Daga ƙofar zuwa lilo na ƙirga taki 40 na mai gadin, duk rairayi, ƴar'uwa Ƴar Ƙungiya kamar kin gani. Na gwada irin rairayin a bakin ƙofar, tayar gaba ta nutse har sai da dattijon ya jawo ni baya.

Don haka takardata yanzu abu biyu za ta fara nema: makulli ya kwana hannun mai gadi, kuma a zuba jar ƙasa a daddaɓe daga ƙofar baya zuwa lilo da benci. Gangarar gaba ta biyo baya, amma ban yafe ta ba, don ba ni son ɗiyata ta girma tana ganin ubanta ta ƙofar motar ruwa yake shiga.

Maso, taki 40 a faɗin mita ɗaya da rabi, amalanken jaki nawa na jar ƙasa zai ci? In kana nan Yamai ka zo Asabar mu duba tare, shayi a kaina.