Gwajin DNA zai iya tabbatar da asalin gidanmu?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. A gidanmu ana cewa mu Wangarawa ne, kakanni daga Mali suka zo Kano, amma ba rubutacciyar salsala. Wane gwaji ne ya dace, kuma wa za a yi wa a gidan?

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam. Gwajin iri uku ne, kuma a nan mutane ke asarar kuɗinsu. Wanda AncestryDNA da 23andMe suka fi tallatawa yana haɗa dangin uwa da na uba, amma bai wuce kaka na biyar ko na shida ba. Gadon rabewa yake yi biyu a kowane hawa: kaka kusan kashi 25, mahaifinsa 12.5, kafin a kai na bakwai ya gaza kashi 1. Tarihin Kano kuwa ya ce Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Ka ga nisan.

Naka shi ne Y-DNA, wanda ke bi daga uba zuwa ɗa namiji kaɗai. Kamfanin FamilyTreeDNA na da gwajinsa iri uku: Y-37, Y-111 da Big Y-700. Na ƙarshen ya fi tsada, amma shi ke fitar da reshe dalla-dalla. Mace ba ta da Y, sai ta sa mahaifinta, wanta ko baffanta. Ban da kawu, shi layin wani gida ne. Na uku, mtDNA, layin uwa ne zalla, bai shafi tambayarka ba.

Sai dai sakamakon ba zai rubuta maka "Bawangare" ba. Lamba zai ba ka, kamar E-M2, wadda ta cika Afirka ta Yamma, ko R-V88, wadda binciken Cruciani na 2010 ya samu da yawa a masu harsunan dangin Hausa na yankin Tafkin Chadi. Waɗannan rassa sun girmi kowace ƙabila da dubban shekaru. Haka J1: yawansa a ƙasar Larabawa bai mai da mai shi Sharifi ba.

Hajiya Bagobira: Ƙari kan na Malam. Mutum ɗaya ba ya isa. A gwada maza biyu ko uku daga ɗakunan da suka daɗe da rabuwa, sannan a nemi wani gida da ke da'awar asali ɗaya da ku. In lambobin suka haɗu dalla-dalla, ba babban reshe irin E-M2 kaɗai ba, kakanku na maza ɗaya ne. A fara da dattawa tun suna raye.

Wajen ɗaukar samfurin gwajin: rabin awa kafin nan ba ci, ba sha, ba taba, ba goro, ba asuwaki. In na tofa yawu ne, a cika har layin kwalbar, kumfa ba ya cikin lissafi, a rufe ruwan murfin ya zubo, a girgiza. Tsoho mai bushewar baki a zaɓa masa na goga cikin kumatu. A yi rajistar lambar kwalbar a intanet kafin a aika, in ba haka ba sakamakon ba shi da mai shi.

Kada kason ƙasashen da gwaji na farko ke nunawa ya ruɗe ka. Shirin 1000 Genomes, wanda ya tattara DNA ɗin al'ummomi daban-daban na duniya don bincike, ya ɗauki Yarabawan Ibadan da Esan daga Najeriya, ba Bahaushe, irin wannan giɓin na iya sa Bahaushe ya ga gutsattsarin wasu ƙasashe a sakamakonsa. Auren zumunci ma yana kumbura lissafi, ɗan uwa na nesa ya fito kamar na kusa.

Alaramma Tudun Wada: Ɗan uwa, a Ingila suna na bin layin uba ɗaruruwan shekaru, shi ya sa suke haɗa suna da Y. Mu sunan uba muke ɗauka, ko na gari, kamar Shagari da Tafawa Ɓalewa, ga riƙo, ga barori da almajirai da suka narke cikin gidajen iyayen gidansu. Saɓanin lamba ba hujjar zargin kowa ba ce. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta yanke a 2002 cewa ba a kore nasaba da wannan gwaji. A nemi yardar manyan gida tukuna, domin naka yana tona na baffanninka duka, kuma a 2023 an saci bayanan mutum kusan miliyan 6.9 daga 23andMe.